Burodin sadakar Illiya

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Kwana goma sha biyu. Masu gaisuwa sun ragu, tabarma ɗaya ta ishe mu yau. Aissa maƙwabciyata ta kawo mini wannan kaye, littafi irin na ɗalibai, ta ce in riƙa rubutu tunda na daina magana. Shekara goma sha shida ina ba yara aikin gida a lakwal, makarantar boko, yau ni aka ba.

To, ga shi. Mijina Illiya ya rasu a hanyar Dirkou, kamiyonsa, babbar motar kaya, ya kife. Can suka binne shi cikin rairayi. Ban ga gawa ba, ban ga kabari ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka ni da mahaifiyarsa, Inna Asiya, muka rage a gidan.

Na rubuta, na karanta. Ban ji komai ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Inoussa mai gidan burodi, abokin Illiya tun suna yara, kullum da safe yana rataye baget uku a ƙofarmu. Ya ce sadaka ce har ranar arba'in, ladan ya isa ga mamaci. Uku. Ko dai bai iya lissafi ba, ko ya kasa ragewa.

Ni rabin ɗaya nake tsomawa a shayi, in na tuna. Inna ba ta taɓa ko ɓawon.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ba komai. Na share tsakar gida sau biyu.

Talata, 15 ga Oktoba

Inna ba ta cin abinci. Ruwa, da shayi kurɓi biyu, shi ke nan tun ranar da labari ya zo. Kuka ma ba ta yi ba. Illiya ɗan farinta ne, kuma ita ta mutanen da ce, ba ta nuna so ga ɗan fari a gaban jama'a, ba ta faɗin sunansa. Tun da na shigo gidan nan «mai kamiyo» take ce masa. Yanzu ta juya fuska ga bango, hawayen ma kunyarsu take ji.

Aissa, da yake a likita take aiki, ta auna ta, ta ja ni madafa. Ta ce: «Ramata, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ba ta rayuwa da shayi. In ta ƙara sati biyu haka, ba maganar ƙarin ruwa za mu yi ba.» Na ce to. Na san ya kamata gabana ya faɗi. Na tsaya ina jira, bai faɗi ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Burodi ya taru bayan randa. Kullum ina cewa zan aika wa maƙwabta, kafin in tuna la'asar ta yi, ya ƙandare, wanda ba a aika wa mutum da shi. Na ƙasan zai iya buga ƙusa. In hana Inoussa kuwa, da wane baki? Ba a mayar da sadakar mamaci.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na jiƙa wasu a ruwa na zuba wa awaki. Ashe Inna na kallona ta bakin ƙofa. Muryarta kamar ta fito daga rijiya: «Mi kika ba bisashen nan? Abin da aka yi sadaka don mai kamiyo? Akuya ce za ta ce Allah shi jiƙan shi?»

Ni ma bakina ya buɗe. Na ce: «Inna, ke ba ki ci, ni ba ni ci, wa za ya ci? Bango?»

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai yau. Ta saki labule. Na ɗauke kwanon daga gaban awaki, amma sun riga sun lashe.

Talata, 22 ga Oktoba

Issouf, shofer ɗin da suke tafiya tare, ya dawo daga Kawar, yankin Dirkou, ya kawo jakar hanyar Illiya. Ta bayan ƙofa muka gaisa, ina takaba. Rawani, tocila, ƙaramar butar shayi. Da ɗan buhun ƙyalle na guzuri, saura kamar tafi biyu a ciki.

Guzurin nan Inna ce ke yi masa tun yana koyon mota: busasshen burodi a daka da dabino da cuku, a hanya a dama da ruwa a sha. Yana wata bai lalace ba. Shekara goma sha takwas ba ta taɓa bari na sa hannu ba. Wai hannun ƴan lakwal na alli ne.

Na shinshina buhun. Warin gazuwal na mota kawai.

Laraba, 23 ga Oktoba

Aissa ta sake aunawa. Ta daɗe tana naɗe abin awon.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ba don wani dalili ba, don dai in ga bayan randa, na kwaso burodin na zuba a turmi da dabino da cuku, duka gaba ɗaya, har da na jiya mai ɗan laushi. Na yi ta daka. Abu ya cure ya zama kamar ƙaro, taɓarya na kamawa.

Sai na ji ja da ƙafa. Inna, dafe da bango, zani na zamewa saboda rama. Ta leƙa turmin ta yi tsaki.

«Wa ya koya miki wannan ɓarna? Ana yanka shi siriri, a shanya kwana biyu sai ya yi ƙaras. Shi kaɗai ake dakawa, a tankaɗe. Dabino daban, cuku daban. Kawo wuƙa.»

Ta gwada, ta kasa yankawa. Ta zauna kan kujera tana ba da umarni, ni ina yanka, ita tana cewa ya yi kauri. Mun cika tabarma biyu a rana. Faɗan da ta yi mini yau ya fi duk maganarta ta wata guda.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Mun daka, mun haɗa. Na ce ya ji dabino, ta ce ni ban san komai ba, a dama mata ta ji. Cokali ɗaya. Ta ce cuku ya yi kaɗan. Na ƙara, ta sake ɗanɗanawa. Sau biyar muna gyara, ni kuma ina sane nake rage wani abu kowane karo. Ko ta gane, oho. Rabin kofi ya shiga cikinta.

Na faɗa wa Aissa ta kan katanga. Ita ta yi kuka, ni na tafi wanke turmi.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kofi ɗaya da safe, ɗaya da la'asar. Har yanzu «ɗanɗanawa» take. Ta tambayi wa zai ci buhu uku da muka tara. Ta ba kanta amsa: masu hanya. Ta ce a kira Issouf kafin ayarin Litinin.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Arba'in. An yi addu'a a zaure, an watse. Issouf ya zo ɗaukar buhunan, Inna ta fita da ƙafarta har bakin zaure, ina bayan ƙofa. Ta ce ya raba wa ƴan uwansa shofer da fasinjan da guzurinsu ya ƙare. Sannan ta ce:

«In kun kai wurin da Illiya yake, ku tsaya ku sha a nan. Ku ce uwarsa ta aiko.»

Illiya. Da bakinta.

Issouf ya sunkuya ya ɗauki buhunan. Ita kuwa ta juyo ta ce mini na bar rariya a rana.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Arba'in ta wuce, amma yau ma na ji tsayawar moto, babur ɗin Inoussa, a ƙofa. Na yi wa Inoussa magana ta bayan ƙyaure, na ce ya daina kawo sabo, ya riƙa tara mana wanda ya kwana bai sayar ba. Ya ce wannan ai na masu awaki ne. Na ce masa a gidan nan an hana awaki.

Inna ta ci tuwo jiya, ta ce gishiri ya yi yawa.

Ɗan buhun Illiya na nan, ban haɗa shi da na sadaka ba. Da hantsi na dama abin da ya rage a ciki, don kar ya lalace kawai. Na Inna ne na asali, ya fi nawa cuku. Na shanye a tsaye a madafa. Daga nan ban san abin da ya faru ba, sai na ji ina kuka, Inna a kaina tana cewa in yi a hankali, maƙwabta na ji. Amma ba ta tafi ba, ta zauna ta riƙe mini kofin.

Gobe akwai yankan burodi. Sai na wasa wuƙa.