Na goge idon kamera da soson ƙarfe, ana zargin wani

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, ina rubutun nan kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni matar aure ce a Dakoro, shekarata huɗu da aure. Surukina, wanda nake kira Baba, yana zaune a Kornaka, amma ragunan da yake turkawa a gidanmu suke. Saboda ragunan ne maigidana ya sa amininsa na yarinta, wanda ke sana'ar haɗa sola, ya kafa mana kamera a saman bango, tana kallon turken da rabin tsakar gida. Ni na ɗauka maigidana kaɗai ke gani a salularsa, ashe ya saka wa Baba ma a tasa bai gaya mini ba.

Ranar kasuwa Baba ya zo, na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce da dariya, “Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, ina ganin yadda kike kula da dabbobin nan. Amma ki riƙa zama in za ki ci abinci, ki daina ci a tsaye bakin tukunya.” Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, ashe wata biyu yana kallona da ɗaurin ƙirji ina kankare ƙanzo ina lasar muciya. Shi wasa ya yi, na sani, amma ni ranar ko ɗaga kai ban iya yi ba.

Maimakon in yi wa maigidana magana, da ya fita washegari na jawo turmi na taka, na kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗanya na shafe idon kamerar. Hoto ya ɗauke, sai duhu. Maigidana ya dawo ya shiga bincike, ya duba batir, ya share fanon sola, ya kashe wifi ya kunna, ya sayi sabon forfe na data wai ko rezo ne, wato sabis, ya ɗauke, ya cire aplikasiyon ya mayar. Ni kuma ina gefe ina cewa ikon Allah, har da tambayarsa ko zafin rana ne. Ƴar fitilar kamerar tana ci, saboda haka bai taɓa tunanin hawa sama ya duba ba.

Da na ga hankalinsa ya tashi, Baba kuma kullum sai ya kira yana tambaya, sai na ce bari in gyara ɓarnata. Na sake taka turmin, man ya riga ya daskare da ƙura, tsumma ya ƙi fitar da shi. Sai na ɗauko toka da soson ƙarfe na dirje shi kamar yadda nake wa gindin tukunya. Baƙin ya fita tas, amma gilashin duk ya karce. Yanzu hoto ya dawo fari dishi-dishi, ba ka bambance rago da mutum.

Abin da ya fi damuna, maigidana ya kira amininsa ya ce masa kayan jabu ya kawo masa, ya cuce shi don ya ga bai san kan abin ba. Shi kuma ya rantse ya ce bai taɓa zaton wannan magana daga bakinsa ba. Sati guda ke nan ba sa gaisawa a masallaci, matar aminin ma da muke zumunci ta daina shigowa. Yanzu ya aiko cewa jibi zai zo da tsani ya kwance kamerar a gaban maigidana, don ya wanke kansa. Yana hawa zai ga karcen, kuma duk gidan ba mai soson ƙarfe sai ni.

Masu sanin kamera, akwai abin da ake shafawa karce ya ɓace, ko ana canza gilashin kaɗai? In babu, in faɗa wa maigidana kafin jibi, ko in roƙi amininsa ya rufa mini asiri bayan ni na jawo aka ci mutuncinsa? Kuma in maganar ta kai kunnen Baba, ya ji wasansa ne ya jawo duk wannan, da wane ido zan sake durƙusawa in gaishe shi?