Fitilar Inna Ta Daina Amsawa

Zuwa ga Yayana Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Wata bakwai ke nan da muka kai ka makwancinka a nan Nasarawa Burkullu. Na san masu bibiyata a intanet ne za su karanta wannan takarda, ba kai ba. Amma tambayar da ke cikinta taka ce, kuma ban san wanda zan kai wa ba.

Bayan rasuwarka na bar aikin Gummi na dawo gida saboda Inna. Matarka Saratu tana takaba a ɗakinka, ni ina kwana a zaure. A lokacin ne na fara lura da wutar da ka haɗa mana: faifan sola a kan rufi, batirin mota, da ƙananan ƙwayayen fitila biyu, ɗaya a ɗakin Inna, ɗaya a naka.

Ka san halina da littafin rubutu. Na bi wayar daga farko har ƙarshe na zana ta. Ta fito daga batir, ta shiga makunnin da ke gefen gadon Inna, ta ratsa ƙwanta, ta bi katanga zuwa naka ƙwan, sannan ta koma batir. Hanya ɗaya tak, kuma ɗakinka babu makunni. Sau uku ina sake zanen, don na ɗauka ni ne na yi kuskure.

Wannan shi ne haɗin da aka koya mana a sakandare da sunan siris. Wutar da ta bi ta ƙwan farko ita ce ke bi ta na biyu, sai dai su raba ƙarfin batir a tsakaninsu. Shi ya sa fitilunku suke ja kamar garwashi. In ɗaya ya mutu, hanya ta yanke, ɗayan ma ya mutu. A ɗaya haɗin kuwa, wanda ake kira faralel, kowane ƙwai yana da tasa hanyar zuwa batir, yana samun ƙarfi cikakke, babu ruwansa da ɗan'uwansa, ko da yake batir ya fi saurin ƙarewa.

Ranar kasuwar Bukkuyum na nuna wa Malam Istifanus zanen, wannan mai koyar da kimiyya da ke kawo maka rediyonsa gyara. Ya yi dariya, ya ce ba a haɗa wutar gida haka. Na ji kunya a madadinka, Yaya. Kai da kullum kake ce mini, “Wuta ba ta zama, sai ta tahi ta dawo,” yaya za a yi wannan ya shige maka duhu?

Sannan idon Inna yana raguwa. Wata magariba ta yi tuntuɓe da buta a cikin ɗakinta, fitila tana kunne, ta gurje gwiwa. Don haka ranar da Saratu ta gama takaba ta koma wurin iyayenta a Anka, na tare a ɗakinka, kuma a ranar na warware aikinka.

Ban yi shi da gwaninta ba. Wayoyi biyu tsirara suka taɓa juna, wuta ta samu gajerar hanya babu ƙwan da zai tare ta, ta yi tartsatsi. Fis ɗin da ka sa kusa da batir ne ya ƙone ya cece ni. Ka ga abin da ya ƙara rikita ni: mai tunanin sa fis ba jahilin wuta ba ne. Duk da haka na gama. Kowa da hanyarsa, kowa da makunninsa. Ɗakin Inna ya yi fes, har allura ana iya tsinta.

Washegari na je karɓar godiya. Ta dubi ƙwan, ta ce, “Ta yi haske, amma ta bar amsawa.”

Na rubuta maganar a littafi, na sa mata alamar tambaya. Na duba makunni, lafiya. Na canja ƙwai, na sake ɗaure wayoyi. Har na fara tunanin ko tsufa ne ya soma taɓa ta, Allah ya yafe mini. Sai ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: kowace asuba ta dogara sanda, ta ratsa tsakar gida cikin santsin damina, ta tsaya a ƙofata ta kira sunana. In na amsa, ta juya. Na yi mata haske don kada ta faɗi a ɗaki, ga shi tana neman faɗuwa a waje.

Sai bayan mako biyu, tana tsintar wake, ta faɗa mini kamar abin da kowa ya sani. “In nik kunna da asuba, Lawali shi murza tashi sau biyu, tawa ta ƙibta. Nan nika sanin ya kwan lahiya.” Ta ce Saratu ma haka ta riƙa yi mata har ta tafi.

Sai a lokacin na gane. A haɗin da na yi, ko ka cire ƙwanka ka jefar, nata ba zai sani ba.

Ga tambayata, Yaya. Da gangan ka yi? Ko tattalin batir kake yi, daga baya kuka gano sauran? Ko kuskure ne ka bar shi don ya yi wa Inna daɗi? Na rubuta amsoshin nan uku, na soke kowace, na sake rubuta ta farko, yanzu kuma ita ma ina shakkarta.

Abin da na yi dai shi ne, na bar mata mai hasken, na ƙaro ƙwai ɗaya, na mayar da tsohuwar hanyarka yadda take a zanena. Yanzu fitila biyu ce a ɗakinta. Ban nuna wa Malam Istifanus ba.

Asubar farko ƙwan ya kawo ja a saman kaina. Na miƙe na kama shi, na murza. Da gari ya waye na je gaishe ta, sai ta ce, “Kai sau ukku kaka yi.” Na fara ba ta haƙuri, na ce gobe zan gyara. Ta girgiza kai. “Bar shi hakanan, in san kai na.”

Sau biyun yana nan a ajiye, naka ne. Allah ya haskaka kabarinka fiye da yadda ka haskaka gidan nan, ya yafe maka kurakuranka, waɗanda na sani da waɗanda na ɗauka kurakurai ne. Ya ba Inna lafiya da nisan kwana, ya sa in daɗe ina amsa mata.

Ƙanenka da ke kwana a ɗakinka,
Sanusi