Barsu a Kujerar Baya

Jos

Mutumina Saleh,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Asta da yara? Yaya Jalingo?

Sun yi mini aikin maƙogwaro, murya ta tafi. Waya ba ta da amfani a wurina yanzu, shi ya sa na ba direban tasha wannan takarda.

Roƙo nake. Karena Barsu yana ɗaure a gidana na Kona tun da na taho. Maƙwabta sun gaji da ba shi abinci, wani ma ya ce zai sayar da shi. Ka taimake ni ka kai shi Iware wurin ƙanwata Lami. Masu Keke Napep ba za su ɗauke shi ba, kuma ya tsufa, ba zai iya tafiyar ƙasa ba.

Na san motarka. Tun muna aiki tare ko gyaɗa ba ka bari a ci a ciki. Na san kuma kare ba abin wasa ba ne a addininku. In ya yi maka nauyi ka bari, ba zan riƙe ka ba. In za ka yi, kada ka ba shi abinci kafin tafiya. Ka shimfiɗa tampol, ka goge masa ƙafa da tsumma, ka ɗan sauke gilas.

Naka,
Andrawus

Barade, Jalingo

Aminina Andrawus,

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya ba ka lafiya. Asta na yi maka sannu.

Ba zan ɓoye maka ba, takardarka ta kwana a aljihuna ban yanke shawara ba. Na tambayi Goni, limamin unguwarmu. Ya ce, "Dabba ce mai jin yunwa, mai ita kuma yana kwance. Me kake jira?" Sai dai ƙyamar da mutum ya tashi da ita ba ta fita da fatawa.

Na je Kona. Na tarar da shi haƙarƙari duk a waje, igiya ta ci masa wuya. Bai yi haushi ba. Ya shinshina takardarka da ke hannuna, ya kwanta a ƙafata.

Na cire dardumar sallata da carbi na sa a but ɗin mota. Na shimfiɗa tampol, na ɗora tsohon bargo. Amma na saɓa maka a abu ɗaya, domin na kasa ɗaukar mai yunwa ban ciyar da shi ba. Kafin mu fita daga gari ya amayar da tuwon da na ba shi gaba ɗaya. Na tsaya a bakin hanya na wanke da omo da ruwan jarka, mutane na kallon dattijo da hula yana goge bakin kare. Gashinsa da ya zube a mota kuwa, Asta ta ce in sa safar hannu ta roba in jiƙa ta in shafa kujera. Ya fita.

Lami ta karɓe shi. Ta tambaye ni jikinka, na ce da sauƙi. Ka gaya mini ko gaskiya na faɗa mata.

Amininka,
Saleh

Jos

Saleh,

Na karanta, na yi dariya har nas ta zo da gudu. Allah ya biya ka.

Ba da sauƙi ba ne. Likita ya ce ciwon ya bazu, in koma gida in huta. Ka gane. Ba na so in mutu a garin sanyi. Motar haya za ta wahalar da ni. Za ka iya zuwa ka ɗauke ni? Kar ka gaya wa Lami tukuna.

Andrawus

Barade, Jalingo

Ƙanwata Lami,

Ina yi miki gaisuwa da ta'aziyya. Ɗanki ya riga ya sanar da ke, amma na kasa yi miki bayani a waya.

Ranar da na zo na ce zan kai Barsu wurin likitan dabbobi, Jos muka nufa. Ki yafe mini. Yayanki ne ya ce a ɓoye miki, tafiya da karen kuma shawarata ce. Hanya ta yi mana tsawo, ina tsayawa ina ba shi ruwa, ina share inda ya ɓata.

Da aka turo Andrawus a keken marasa lafiya, Barsu ya fita ta taga. Ban taɓa jin dabba ta yi irin wannan kukan ba. Na kwantar da yayanki a kujerar baya, karen ya hau ya ɗora kai a ƙirjinsa, na bar su.

Bayan mun wuce Numan ya taɓa kafaɗata, na tsaya. Ya kama hannuna, ya rubuta "Baba" a tafina da biro. Na ce, "Kusa da shi kake so?" Ya gyaɗa kai. Duwatsun Kona sun fara bayyana lokacin da na waiwaya na ga ya cika.

Gawar tana asibiti. Gobe zan zo da fasto mu kawo shi. Ku haƙa kabarin kusa da na mahaifinku.

Allah Ya ba mu haƙuri.

Yayanki,
Saleh