Ƙayar Gonar Adamu

Magarya, ranar Talata

Yaya Ƙande,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina yara, yaya jama'ar Dungas? Mu nan lafiya lau, ban da zuciyata.

A bakin ɗan kabu-kabu na ji an sa ranar auren yarinyar nan. Ɗan kabu-kabu, Yaya! Na sani ɗiyar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na kallonta a gaban mutane, tun yaye aka ɗauke ta aka ɗora miki a baya kamar yadda aka yi wa kowa. Amma ni na yi naƙudarta. Ko tunkiya ana gaya mata ranar da za a kai ɗanta kasuwa.

An ce ke za ki yi mata nasiha a majami'a, fasto kuma zai yi wa'azin haƙarƙarin Adamun nan nasa da ya yi a aurena da naki. Na san abin da za ki ce mata: yi haƙuri, yi shiru, sunkuyar da kai. Shekara da shekaru ina koyar da 'ya'yan wasu a lakwal su buɗe littafi su karanta da idonsu, tawa kuwa kin mayar da ita ƙashin gefen wani. Littafin Farawa ya fara da cewa tare aka yi su, mace da namiji, tare aka damƙa musu duniya. Wannan shafin fasto ke lasar yatsa ya tsallake.

Takarda na rubuto don na san saƙon murya duk gidanki ke taruwa a saurara.

Ki huta lafiya. Ƙanwarki,
Mariya

Dungas, ranar Alhamis

Mariya ƙanwata,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Takardarki ta iso da zafinta, har na ajiye ta ta huce kafin na ƙarasa.

Ban gaya miki ranar ba don ranar ma tana lilo. Da fasto da dattawa suka kira Rahama da angonta Mainassara don gargaɗin aure, fasto ya ce mata Allah ya sa miji ya mallaki mace. Sai ɗiyata ta ce, “Baba Fasto, ai wannan a cikin la'ana aka faɗe shi, tare da ƙayar gona. Kowace damina ina ganinku da hauya kuna cire ƙaya. Me ya sa ɗaya la'anar kuke yi mata ban ruwa?”

Mainassara ya ƙunshe dariya har ya sarƙe. Dattawa ba su yi dariya ba. Suka ce wa ya koya mata? Ta ce, “Innata Ƙande.”

Yanzu sun ce ba za a ɗaura ba sai na tsaya gabansu ranar Lahadi na ba da amsa. Ni da nake bin layi da yatsa in zan karanta! Amma kada ki damu, ba sai kin zo ba. Uwar ɗiyar fari ba ta tsayawa gaban maza tana kare ta, garin nan zai yi shekara yana zancen. Zan lallaba. Mata ma sun fara shigowa suna cewa ashe Ƙande akwai kai.

Allah ya bar zumunci.
Yayarki,
Ƙande

Magarya, ranar Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa.

Ƙande akwai kai! Ƙayar nan tawa ce. A tsakar gidanki na faɗe ta, ina surfa miki hatsi, bayana juye da yarinyar, kina ce mini in rage murya kar maƙwabta su ji. Goyonta naki, dariyarta taki, ranar da ta ci jarrabawar birebe wuyanki ta rungume, ni kuwa ina gefe ina duba faratana. Abu ɗaya na ba ta, shi ma an rubuta shi da sunanki.

Kuma me za ki ce wa dattawan? In suka ce Hauwa'u ce ta fara ci, kin san ki tambaye su ina Adamu yake tsaye a lokacin? Yana nan gefenta, bakinsa cike, bai ce uffan ba sai da aka zo tambaya ya nuna ta da yatsa. In suka ce mataimakiya aka yi ta, kin san da wannan sunan ake kiran Allah kansa a Zabura? Ba ki sani ba. Kuka za ki yi ki ba su haƙuri, su sa yarinyar ta durƙusa ta janye maganarta.

Gobe Asabar ina tafe. Garin ya yi zancen shekara goma in ya ga dama. A gabansu zan tsaya in ce ni na haife ta, ni na koya mata. Ke ki zauna a bencin baya ki ji yadda ake yi.

Sai na iso.
Mariya

Dungas, ranar Asabar da safe

Zuwa ga Madam,

Ina gaishe ki da ladabi. Na ba direba wannan ya miƙa miki a tasha kafin ki hau.

Inna Ƙande ta ba ni takardarki na karanta. Na san muryar wa nake ji a bayan turmi tun ina ƙarama. Da a ce sunanki na ambata a gaban dattawa, kunya za ta zaunar da ke a Magarya, ki aiko da kwanoni da gaisuwa. Ni da Inna muka duba, muka ga abu ɗaya ne zai iya taso ki: ki ji an ba wata maganarki.

Na share miki ɗakina. Ki zo da tabaranki, rubutun littafin fasto ƙanana ne.

Ɗiyarki,
Rahama