Irin Shinkafar da Kika Ɓoye

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma akwai maganar da nake ɗauke da ita tun shekarar fari, yau kuma na gaji.

Kin tuna hanyarmu ta fadama, wadda ta bar Haɗeja ta ratsa gonakin gero ta nufi wajen Baturiya? Baba a gaba da fartanya, ke a tsakiya goye da Hajara, ni a baya ina ƙorafin ƙaya. In shekara ta yi kyau, tun kafin mu kai gorubar nan ruwa ya kai mana gwiwa. Kullum sai kin ce da ni, "Mai baki, ɗaga zanenki."

A shekarar farin nan rumbu ya ƙare, Hajara ta rame har ba ta iya kuka. Kika kwashe irin shinkafarmu kika zuba a tulu, kika tura ƙarƙashin gado, kina dama mata kunu da shi kaɗan-kaɗan. Baba ya yi ta nema. Cewa yake, "Wanda ya ci iri ya ci baɗi." Shi da kakanninsa haka suka saba, a zuba shinkafa a ƙasa tun ruwan kogi bai iso ba, don kogi bai taɓa saɓa musu alkawari ba.

Ya sami tulun. Ya shuka duka.

Da aka yi raɗe-raɗin ruwa ya shigo fadama, ya ce mu fito gaba ɗaya mu je cirar ciyawa. Muka bi hanyar nan. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Muka wuce gorubar, ƙafafunmu duk ƙura. Ba wanda ya ce da ni in ɗaga zane.

Fadamar ta tsattsage. Baba ya tsaya riƙe da fartanya kamar wanda ya ɓata hanya. Ke kuwa kika durƙusa kina tonon ƙasa da yatsu, ko za ki tsinci ƙwaya. Wadda tsuntsu bai ci ba ta tsiro ta ƙone.

A hanyar dawowa ni ce a bayanki. Na ga ƙafafun Hajara suna lilo, ba irin lilon mai barci ba. Na ga kin kai hannu kin taɓa su, kin gyara majanyi, kin ci gaba da tafiya. Ba ki faɗi rasuwarta ba sai da muka shiga gida, don kada Baba ya ji a bakin gonar da ya shuka.

Inna, ni ce na nuna masa tulun. Ya tambaye ni, ni kuma ina son ya ce na yi hankali.

Kin rayu shekaru bayan haka, kin yi mini kitso, kin aurar da ni, ba ki taɓa tambayar wa ya faɗa ba. Sai da na haihu na gane dalili: mu huɗu ne a gidan, Hajara kuwa ba ta fara magana ba.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya sada ki da Hajara a inda ba a yunwa. Ki yafe mini, Innata.

'Yarki,
Mai baki