Tun Da Aka Kashe Yayana Na Kasa Sakin Fuska Ga Masu Sayen Furata

Assalamu alaikum Gwaggo Shafa'atu. Don Allah ki taimake ni da shawara, na kai inda ban san yadda zan yi da raina ba. Kar ki sa sunana, duk da na san waɗanda suka san ni za su gane.

Ni mai sayar da fura ce a Tudun Wada, nan Gusau. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da rumfa a bakin titi, rumfar kwano ce da benci biyu da kula ɗaya ta ƙanƙara. Ba wata babbar sana'a ba ce, amma da ita na aurar da ɗiyata ta fari, da ita kuma nake tallafa wa maigidana, wanda kafinta ne, aikin nasa wani lokaci ya samu wani lokaci shiru. Mutane sun san ni da surutu da dariya. Masu keke napep har cewa suke ko ba sa jin ƙishirwa sukan tsaya don in tsokane su su ji daɗi.

Mutum biyu ne suka riƙe mini wannan sana'a. Na farko yayana Haliru, manomi ne a ƙauyenmu can yankin Bungudu. Shi ke kawo mini gero, kuma ba ya kawo na kasuwa, na gonarsa yake zaɓo mini. In ya zo sai ya zauna a benci ya sha kofi biyu, ya ce citta ta yi yawa, alhali ko ɗigo bai rage ba. Ta biyu Nafisa ce, Bafulatana daga wata ruga ta wajen Tsafe. Ranar Litinin da Alhamis da Asabar take shigo mota ta kawo mini kindirmo. Tun tana goyon ɗanta na fari muke tare. Na je sunan 'ya'yanta biyu, ita ma lokacin bikin ɗiyata kwana uku ta yi a gidana tana tuƙa tuwo.

Bara da damina 'yan bindiga suka tarar da Haliru a gona yana noman maimai, suka harbe shi. Bai yi musu komai ba, Gwaggo. Fartanya ce a hannunsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyar. Matar ta koma gidan iyayenta da yaran, mahaifiyarmu kuma, Inna, na ɗauko ta ta dawo wurina, don ƙauyen ya watse.

Ranar sadakar uku Nafisa ta zo gaisuwa. Ta yi sallama a tsakar gida, mata sun fi ashirin a zaune, babu wadda ta amsa. Ni ma na sunkuyar da kai. Ta tsuguna a bakin ƙofa ta yi addu'arta ita kaɗai, ta tashi ta tafi. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Amma a lokacin, Allah ya sani, da na ga kitsonta da ƙwaryarta sai na tuna ana cewa Fulani ne suka harbe shi, na kasa amsa mata.

Bayan arba'in na koma rumfa, don zama ba zai ciyar da mu ba. Nafisa ta ci gaba da kawo nono kamar babu abin da ya faru, sai dai ya ragu ƙwarai. Daga bakin direban motarsu na ji cewa su ma 'yan bindiga sun kore musu shanu, huɗu kaɗai suka rage, kuma an doki mijinta Umaru har ba ya iya ɗaga hannun dama. Ita ba ta taɓa faɗa mini ba. Ni ma ban tambaye ta ba. Muna gaisawa, ta juye nono, ta tafi. Mu da a da sai direba ya yi ta danna mana oda kafin mu rabu.

A gida kuma Inna ta rantse ba za ta sha furar da aka dama da wannan nono ba. Takan ce mini, "Ke da kike ciniki da waɗanda suka kashe mini ɗa." In na ce Inna, Nafisa ba ta kashe kowa ba, sai ta juya fuska bango ta yi ta kuka. Tsohuwa ce, ta haura saba'in, ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. Yaya zan yi gardama da ita? A rumfa ma akwai masu jefa magana, wani ya ce nonon na daji ne ko na gari, a yi dariya.

To ni dariyar ce ta ƙare mini. Ina kirɓa fura hawaye na zuba. Geron kasuwa nake saye yanzu, duk lokacin da na buɗe buhu sai in tuna wanda ya saba ɗauko mini shi a bayan babur. In mai saye ya zo, sai in miƙa masa kofi ko kallonsa ban yi ba. Maigidana ya ce in daure in riƙa murmushi ko na dole ne, don ba wanda ke son shan abu daga hannun mai ɗaure fuska. Na gwada. Sai in ji kamar ina cin amanar Haliru, shi yana kabari ni ina washe baki saboda kofin fura.

Abin da ya sa na rubuto miki abu biyu ne da suka faru a watan nan. Akwai wani dattijo, Malam Jatau, tsohon malamin firamare, tun ranar da na buɗe rumfa yake zuwa bayan azahar. Ran nan ya ce mini cikin wasa, "Hajiya, yau ma ba a sa mana sukari a fuska ba?" Wallahi ban san lokacin da na buga ludayi a kan tebur ba, na ce masa in fuska ya zo sha ya tafi wani wuri. A gaban mutane. Ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yata," ya ɗauki sandarsa. Yau kwana goma sha tara bai dawo ba.

Na biyu kuma, ranar Litinin da ta wuce na ce wa Nafisa ta dakata da kawo nonon. Na ce saboda ciniki ya ja baya ne. Ta dube ni, ta san ba haka ba ne. Ta ce, "To, Allah ya bar zumunci." Ta juye mini na ranar, ta ce kafin ta kai gida zai lalace, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce tasha. Yanzu da madarar gari nake haɗa nono. Masu sha sun gane, wasu sun daina zuwa. Furar da nake gamawa kafin la'asar yanzu har magariba tana nan.

Gwaggo, in rufe rumfar ne in huta? In na rufe da me za mu ci, ga Inna ga magani? In na ci gaba, ta yaya mutum zai yi fara'a zuciyarsa na ciwo? Kuma Nafisa fa, na zalunce ta ne, ko biyayya na yi wa uwata? Ki gafarce ni na cika ki da zance, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Taki,
Mai fura ta bakin titi, Gusau.

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya jiƙan Haliru, ya karɓi shahadarsa, ya raya abin da ya bari. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin in iya ɗaukar biro.

Kar ki rufe rumfar. Ba don abinci kaɗai ba, ko da yake shi ma dalili ne babba. In kika rufe, ke da Inna za ku wuni a ɗaki ɗaya kowa na ƙara wa ɗaya baƙin ciki. Amma ki rage wa kanki nauyi. Ki riƙa yin furar da kika san za ta ƙare, ki fito da hantsi ki tashi da la'asar, ki ware ranar Juma'a ki huta. Ƙaramin ciniki da za ki iya ɗauka ya fi doguwar rana da za ta ƙare da faɗa.

Maganar fara'a kuma, maigidanki yana da gaskiya ta wani ɓangare, mai saye na gudun ɗaurarriyar fuska. Inda ban bi shi ba shi ne murmushin dole. Mutane na gane shi, ke kuma yana ƙara miki gajiya. Ba a nemi ki koma mai ba'ar da aka sani a da cikin dare ɗaya ba. Ki amsa sallama, ki dubi mutum, ki kira sunansa, ki ce a sha lafiya. Wannan ya isa a yanzu. In wani ya tambayi abin da ya same ki, ki ce rashi aka yi mini, a sa mu a addu'a. A Zamfara ta yau da wuya ki faɗi haka ga wanda bai san zafinsa ba. Kuma ranar da dariya ta zo miki da kanta, ki bar ta ta fito. Ba cin amana ba ne. Yayan da ya yi shekaru yana zaɓo miki gero ba don ki durƙushe ya yi ba.

Malam Jatau kuwa, kar ki jira ya dawo. Ki dama fura mai kyau, ki sa maigidanki ya raka ki gidansa cikin makon nan, ki ba shi haƙuri ba tare da kawo uzuri ba. Mutumin da aka yi wa tsawa ya amsa da addu'a, ina kyautata zaton kunya ce ta hana shi zuwa, ba fushi ba.

Sai batun da ya fi nauyi. Inna uwa ce da aka kashe wa ɗa, ba za ki ci ta da hujja ba, kuma kar ki gwada. Ki daina musu da ita. Ki yi mata tata furar daban da abin da ranta ke so. Ki nemi wani babba da take jin maganarsa, ƙaninta ko limamin unguwa, ya riƙa zuwa yana tausar ta a hankali, ya kuma sanar da ita abin da ya sami gidan Nafisa, don ina zaton ba ta sani ba.

Amma zan faɗa miki gaskiya tunda kin tambaya: Nafisa ba ta yi miki laifi ba. Addininmu bai ɗora wa mutum alhakin abin da wani ya aikata don yarensu ɗaya ba, kuma biyayya ga uwa ba ta kai ga a toshe wa marar laifi hanyar abinci. Masu bindigar da suka shiga gonarku irinsu ne suka shiga rugarsu. Matar da ta rage da shanu huɗu da miji marar lafiya, kina iya zama ke ce kasuwarta ta ƙarshe. Ki kira ta, ko ki aika ta hannun direban. Kar ki je rugar, hanya ba ta da tabbas, ku haɗu a tasha. Ki fara da yi mata jajen shanunta da jikin Umaru, ki nemi gafarar abin da ya faru ranar sadakar uku, sannan ki yi maganar nono. Kar ki ɓoye wa Inna, amma ki bari babban nan ya fara share miki hanya. Masu jefa magana a rumfa kuwa, ki ce musu sau ɗaya cikin natsuwa, matar nan shekara goma sha ɗaya muna tare, ita ma an cuce ta. Kar ki ƙara.

Abu na ƙarshe, kin ce ba ki da wanda za ki faɗa wa. Ki samu mace ɗaya mai riƙon sirri ki riƙa amayar da abin da ke ranki. In kika ga abinci ya ƙi shiga, ko kuka ya hana ki aiki kwana da kwanaki, ki je asibiti ki faɗa wa likita, wannan ma ciwo ne kuma ana maganinsa.

Ba zan ce miki komai zai koma yadda yake ba, don Haliru ba zai dawo ba. Amma mutum biyun da kika ɓata wa suna raye, kuma kin san inda za ki same su. Ki fara da su. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya sa albarka a sana'arki, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙauyukanmu da rugagenmu baki ɗaya.

Gwaggonki Shafa'atu.