Ila, Wai Karofi Ɗaya Aka Tsoma Mu

Zuwa ga ƙanena Ila, a inda Allah ya ajiye ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kabari ya yi maka faɗi, ni ne yayanka Mamman, daga Tamanrasat. Shekara arba'in da ɗoriya ban kira sunanka a gaban mutane ba. Yau zan kira, kuma 'yata Zuwaira za ta saka a waya kowa ya gani. Ni ke faɗi, ita ke rubutawa. Ka san ban taɓa zama a lekkol, makarantar bokon nan, ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba.

Ƙara na kawo maka, ƙarar wata likita da ƙarar ɗana Sani.

Sani yana da 'ya, Rabi, shekararta bakwai. Ka kira ta ba ta waiwayowa. Sai ta zauna tana kaɗa jiki gaba da baya. In babbar mota ta wuce, ta toshe kunne ta ƙwala ihu har rabin unguwarmu ta Sarsuf su ji. Ranar da na fara ganin kaɗawar nan na san ta. Taka ce, Ila.

Watan jiya maƙwabta suka yi biki da ganguna, ta fita da gudu, sai a bakin titi aka tsinto ta. Washegari na sayo igiya. Na ce a ɗaure ƙafarta a tsakar gida kafin a samu mai tafiya Damagaram, a kai ta gidan malamin da ke da mari. Sani kuwa, da ya kwaɓa siminti shekara biyar ya tsinci Faransanci kalma uku, sai ya ce asibiti. Har da jan hannuna, wai in je in ji da kunnena.

Na je. Likitar yarinya ce, Ila, ba ta kai Zuwaira ba, da farar riga da biro a aljihu. Tana Faransanci, Sani na fassara. Tambaya ɗaya na yi mata: jikata mahaukaciya ce ko mai hankali? Wai tambayar ba ta da amsa. Wai masana sun daina zuba mutane a kwando biyu. Wai abin hawa-hawa ne, wani ya ɗan taɓa shi har ya tsufa ba a sani ba, wani ya kama shi sosai sai an kula da shi, amma asalin ɗaya ne. Ta faɗi wani suna da harshena ya ƙi ɗauka, ni kuma ban matsa masa ba.

Sai ta tambayi sana'ata. Na ce marini ne ɗan marini, yanzu ina sayar wa Buzaye rawani. Ka san abin da ta ce? Wai in gaya mata a tsomi na nawa farin ƙyalle ke zama baƙi. Ka ji rainin wayo! Wadda ba ta taɓa jin warin karofin rini ba, farcenta fari tas, ita za ta koya min rini.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ko a dangi akwai wanda ba ya son a taɓa masa tsarin kayansa, ba ya son hayaniya, ba ya kallon mutane a ido. Sai Sani ya juyo ya kalle ni. Ɗan da na haifa! Don ina jera rawunana daga mai haske zuwa mai duhu, don ba na shan shayi sai a kofina, don ba na zama inda ake shewa, shi ke nan na shiga layi. Na tashi na bar musu buron likitar.

Kai ka san me ya tashe ni, ko da su ba su sani ba.

Ka tuna bakin karofin Baba? Kai ke jera zane a kan igiyar shanya, kowane a bayan ɗan'uwansa, ba ka taɓa kuskure ba. Baba yakan ce, “In Ila ya ce da saura, to a mayar.” Ba ka magana da kowa, amma ba a fitar da turkuɗi sai ka gyaɗa kai.

Ka tuna ranar kasuwa da makaɗa suka kewaye ka suna tsokana, ka ciji ɗayansu a hannu? Dattawa suka taru a ƙofar gida suka ce wa Baba, “Hauka ba ya da ƙarami, a sa masa mari tun bai yi kisa ba.” Manyan banza, masu gemu ba tausayi. Ba wanda ka yarda ya taɓa ka sai ni, don haka ni aka ba ƙarfen. Da na durƙusa, kai da kanka ka miƙo min ƙafa. Damina uku ka yi a turken da aka ɗaure ka, har ajali ya zo. Bayan mun binne ka na hau motar arewa, ban sake komawa ba.

Duk shekarun nan abin da nake riƙe da shi ɗaya ne: kai kana can ɓangaren, ni ina nan, tsakaninmu akwai katanga, kuma na yi abin da ya wajaba. Yanzu yarinya mai biro ta ce babu katangar. Wai karofi ɗaya ne, an dai fi daɗewa da kai a ciki. Ta yaya ba zan tsane ta ba?

Na dawo gida na ɗauki igiyar. Na tarar da Rabi a ɗakina ta zubar da rawunan nan duka a tabarma. Na buɗe baki zan yi tsawa, sai na ga ba zubarwa ta yi ba, jerawa take yi. Daga shuɗi mai haske har baƙi wuluk. Guda biyu ta sauya musu wuri. Na mayar, ta sake sauyawa ba ta ko kalle ni ba. Na fita da su rana na duba. Ita ce da gaskiya, Ila. Wata nawa suna a juye ban gani ba.

Ina tsaye da igiya a hannu, ta miƙe ƙafafunta a tabarma.

Igiyar tana wuyan akuyar Zuwaira yanzu. Na gaya wa Sani babu mai kai Rabi Damagaram ina raye. Da safe, kafin kasuwa ta cika, nakan tafi da ita rumfa ta jera min kaya. Asibiti kuwa shi ya riƙa kai ta, ni ƙafata ba za ta sake taka wurin ba. Tambayar likitar ma ban amsa ba, kuma ba zan amsa mata ba. Kai zan gaya wa: shekara hamsin ina rini, ban taɓa ganin tsomin da ƙyalle ya zama baƙi a cikinsa ba.

Ka yafe min, ɗan'uwana. Allah ya kwance maka duk abin da na ɗaura. Allah ya ba ka wuri mai shiru, inda babu ganga. In mun haɗu, kada ka miƙo min ƙafa, hannu nake so.

Yayanka,
Mamman marini, Sarsuf.